Nazarin Lamari: Gyaran Tsohon Teburin Cin Abinci da Kujeru Shida a Wani Gida a Yamai

A ƙarshen shekarar 2023 kayan ɗaki na hannu sun yawaita a Yamai fiye da yadda aka saba gani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli baƙi da dama sun tattara nasu ya nasu sun bar ƙasar, sojojin Faransa ma suka kammala ficewa a watan Disamba, kuma duk abin da ba ya shiga jirgi, irin su gadaje da kabad da tebura, ya faɗa hannun masu gadi da dillalai. A cikin wannan yanayi ne yayana, malamin makarantar sakandare da ke zaune a unguwar Lazare, ya sayi teburin cin abinci da kujeru shida daga hannun wani dillali. Ya same su da araha saboda sun sha jiki, kuma ya ƙudura cewa shi da kansa zai gyara su a gida. Na bi aikin tun daga ranar da aka sauke kayan daga amalanke har bayan shekara guda, kuma abin da ya sa na ga ya cancanci a rubuta shi ne cewa sau biyu aka yi shi: na farko ya lalace gaba ɗaya, na biyu ya tsaya, alhali mutum ɗaya ne ya yi su da hannu ɗaya, da kusan kayan aiki iri ɗaya.

Teburin yana da tsawon santimita 180 da faɗin 90, tsayinsa kuma 75, wanda shi ne tsayin da aka saba yi wa teburin cin abinci. Samansa falankai huɗu ne da aka haɗa gefe da gefe, masu nauyi, launinsu ruwan ƙasa mai duhu. Akwai tsaga da ta taso daga ƙarshe ɗaya ta yi kusan kamu guda, akwai fararen da'irori inda aka riƙa ajiye kofunan shayi, akwai kuma baƙar da'ira ɗaya a tsakiya, mai yiwuwa wurin da wani kwanon ƙarfe ya daɗe da ruwa a gindinsa. Kujeru huɗu cikin shida suna girgiɗi idan an zauna. A ƙarƙashin biyu daga cikinsu, bayan kwana ɗaya da ajiye su a kan siminti, uwargidan ta tarar da ɗan tarin gari mai laushi kamar na alkama, ta share, washegari ya dawo.

Yayana bai ɗauki ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu da muhimmanci ba, domin a ganinsa abin da teburin ya rasa shi ne ƙyalli. A watan Janairu, tsakiyar hunturu, ya ari injin goge katako daga wani maƙwabci, ya sayi samfefa mai kaushi lamba 60 da gwangwanin berni mai mai, wato man ƙyallin da ake shafa wa katako, ya fitar da kayan tsakar gida. Ya goge saman teburin ta kowace fuska, a tsaye da a kwance, ba tare da ya cire tsohon bernin duka ba. Ya cika tsagar da garin katako da ya kwaɓa da farin gam. Kujerun da ke girgiɗi ya buga musu ƙusa biyu-biyu a kowace mahaɗa. Da ya kai injin ga majinginar kujera ta farko, cikin ɗan lokaci kaɗan launin duhun ya ɓace, wani farin tabo mai faɗin tafin hannu ya fito, sai a lokacin ya gane cewa majinginar ba katako ba ce zalla. Duk da haka bai tsaya ba, ya shafa berni mai kauri sau ɗaya da tsakar rana, ya bar kayan a waje su bushe.

Kwana biyar bayan haka teburin yana nan yana danƙo. Ƙurar hunturu ta kwanta a kansa ta shige cikin man, har idan ka shafa hannu sai ka ji kamar bangon da aka yi wa yaɓen yashi. A wasu wuraren bernin ya tattare ya yi ƙuraje, kuma zanen samfefar da aka ja a kwance ya fito fili, domin man ƙyalli ba ya ɓoye rauni, ƙara bayyana shi yake yi. Uwargidan ta dubi abin ta ce, "Malam, garin gyaran gira dai an rasa ido." Daga nan ne aka je Kasuwar Katako aka nemo wani tsohon kafinta, ba don ya karɓi aikin ba, sai don ya duba ya faɗi abin da ya gani, a biya shi ladan ƙafarsa.

Abu na farko da tsohon ya yi shi ne ya sa a kifa teburin. Bai dubi saman ba sam. A ƙasan, inda ba a taɓa shafa komai ba, ya kankare wuri kaɗan da wuƙa, ya shinshina, ya ce falankan loko ne, itacen da masu sayar da katako ke kira iroko, wanda ake kawowa daga ƙasashen bakin teku. Katakon da ya kewaye ƙarƙashin teburin da ƙananan gutsattsarin da ke riƙe kusurwoyin kujeru kuwa farin katako ne, samba, an dai rina shi ya yi kama da sauran. Majinginar kujeru filawud ce da aka manna wa siririn fallen katako mai kyau, wanda kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, shi ya sa injin ya cinye shi nan take. Wato kaya uku ne daban a jikin abin da yayana ya ɗauka abu ɗaya ne, kuma kowanne da halinsa. Loko yana da maiƙo a jikinsa, yana kuma ɗauke da wani sinadari da ke hana berni mai mai bushewa da wuri, ga shi ƙwari ba su cika cin zuciyarsa ba. Samba kuwa mai laushi ne mara nauyi, abincin gara da ƙwaron da ke huda katako, kuma garin da uwargidan ke sharewa kullum daga jikinsa yake zubowa.

Sannan ya gwada tsohon bernin a ƙafar tebur inda injin bai kai ba. Ya ɗiga alkol na kantin magani, bai yi komai ba. Ya ɗiga diliyan, man da ake tsarma berni mai saurin bushewa da shi, nan da nan wurin ya yi laushi ya kama tsumma. Wannan ya nuna cewa asalin abin da aka shafa shi ne irin bernin da kafintoci ke fesawa ya bushe cikin mintoci, kuma sabon da yayana ya ɗora a kai wani jinsi ne daban, wanda ba ya kama jikin tsohon da kyau, balle a kan maiƙon abinci na shekaru da ba a wanke ba. Gwajin bai ɗauki minti biyar ba, kuma da an yi shi tun farko da an huta da asarar gwangwani guda da mako biyu. Tsohon ya kuma tambaya ko an taɓa yi wa kayan fenti, da aka ce a'a ya ce an yi sa'a, domin tsohon fenti kan ƙunshi dalma, kuma goge shi a bushe cikin gidan da ƙananan yara ke rarrafe haɗari ne babba.

Batun tsagar ne ya fi ɗaukar lokaci, kuma a ganina nan ne zuciyar lamarin take. Katako, ko ya shekara hamsin da yankewa, yana shan danshin iska yana kumbura, yana kuma sakinsa yana tsukewa, kuma wannan motsi a faɗinsa yake faruwa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. A garuruwan bakin teku irin su Kwatano ko Abijan iska tana da danshi kusan duk shekara, don haka motsin kaɗan ne. A Yamai kuwa bambancin da ke tsakanin busasshiyar iskar Fabrairu da Maris da danshin Agusta yana da girma ƙwarai, har ƙofar da ke rufuwa salin-alin da rani kan ƙi shiga gidanta da damina. Saman tebur mai faɗin santimita 90 yana iya ƙaruwa ya ragu da milimita da dama tsakanin waɗannan lokuta biyu. Saboda haka kafinta mai sanin aiki ba ya ɗaure saman tebur tam a jikin katakon ƙasa, yakan yi wa sukurorin rami mai ɗan tsawo domin falankai su samu wurin zamewa. A wannan teburin wani mai gyara na baya ya ɗaure saman da sukuru goma sha biyu a ramuka matsattsu, ya ƙara da gam. Da kayan suka fito daga gidan da ake rufe tagogi suka haɗu da hunturu, falankan suka nemi tsukewa, sukurori suka hana, sai katakon ya yage a inda ya fi rauni.

Yayana ya ce, "To Baba, ai na riga na cike tsagar." Tsohon ya amsa masa da cewa, "Malam, ka cike ta da rani. Idan damina ta zo katakon zai nemi komawa wurinsa, ya tarar ka zuba masa dutse a baki, sai ya ƙara yagewa gaba." Shawararsa ita ce a tone cikon gaba ɗaya, a kwance saman teburin daga jikin katakon ƙasa, sannan a matse tsagar ta haɗu da kanta, tun da babu abin da ya ɓace daga jikin falankin, rabuwa kawai ya yi.

Aiki na biyu ya fara a watan Fabrairu, kuma wata biyu na farko ba a taɓa gwangwanin berni ba ko sau ɗaya. Cire ƙusoshin ya fi komai wuya, domin an nutsa kawunansu, kuma ɗaya ta tsaga ƙafar kujera tun ranar da aka buga ta. Ƙusa ba ta gyara mahaɗar da ta saki, tana dai riƙe ta na ɗan lokaci yayin da ramin ke ci gaba da faɗaɗa. An kwance kujerun huɗu, aka rubuta lamba da alli a kowane gutsure don kada a rikice wurin mayarwa, aka kankare tsohon gam daga harsunan katakon da ramukansu har sai da itacen ya fito fes, saboda farin gam yana kama katako ne, ba ya kama busasshen gam. Inda harshe ya sirance ya yi wa raminsa kaɗan, an manna masa siririn ɓallin katako aka sassaƙe daidai. Yayana ba shi da ƙarafan matsi irin na masu sana'a, sai tsohon ya nuna masa dabarar da kowa ya sani a Katako: a yanka tsohuwar robar cikin tayar babur a tsaye, a naɗe kujerar da ita a ja da ƙarfi, a ajiye ta a kan siminti mai daidaito da buhun shinkafa a kanta, a bar ta kwana ɗaya cur. Kafin a shafa gam a jikin loko ana goge wurin da tsumma mai diliyan don a ɗauke maiƙon. Akwai kuma fa'idar yin wannan aiki da rani: katakon yana ƙarshen tsukewarsa, duk mahaɗar da ta matse a lokacin ƙara matsewa za ta yi idan danshi ya zo.

Maganin ƙwarin ya jira watan Afrilu, lokacin da zafin Yamai ke wuce digiri 40 kusan kullum. Ƙa'idar da ake bi a duniya wajen kashe ƙwari a katakon da ake ɗaure kayan fatauci da shi ita ce zafin digiri 56 ya ratsa har tsakiyar itacen na minti 30. Ƙananan gutsattsarin samba da aka naɗe cikin baƙar leda aka shanya a kan rufin kwano daga hantsi zuwa la'asar, kwana uku a jere, sun sha zafin da hannu ba ya iya taɓawa. Ba a yi wa falankan teburin haka ba, domin irin wannan zafi zai ƙara tsaga su ne. Gutsattsari biyar da ƙwaro ya riga ya mayar kamar soso, waɗanda farce ke nutsewa a jikinsu, an jefa su a murhu aka yanko sababbi na jan katako.

Cire bernin da ya lalace an yi shi da hannu. Akwai magungunan da ke narkar da fenti cikin sauri, amma masu ƙarfin cikinsu suna ɗauke da wani sinadari mai tururi mai kisa a rufaffen ɗaki, wanda Amurka ta hana sayar wa jama'a don cire fenti a 2019, kuma a gidan akwai yara uku. Soda kuma, wadda wani maƙwabci ya ba da shawara, tana baƙanta katako tana kuma cin gam. Don haka aka koma ga kankara da gutsuren gilashin taga, kamar yadda tsofaffin kafintoci ke yi. Na tsaya na kalli yayana wata safiya: ya riƙe gilashin da tsumma, ya ɗan karkata shi, yana jansa zuwa jikinsa bisa layin katakon, bernin yana naɗewa yana faɗuwa kamar ɓawon albasa, ƙasansa kuma itacen yana fitowa sumul. Idan bakin gilashin ya dakushe sai ya karya wani. Bayan kankara aka bi da samfefa naɗe a jikin ɗan katako mai lebur, lamba 80 don share zanen da injin ya bari, sannan 120, sannan 180, ko da yaushe bisa layin itacen, ba a tsallake lamba. Ƙurar loko tana shaƙe ƙirji tana kuma sa ƙaiƙayi, abin da yayana ya tabbatar da kansa a ranar da ya yi aiki babu takunkumi ya kwana yana tari. Majinginar kujeru ba a kai musu gilashi ba, an wanke su da diliyan a sararin tsakar gida, aka shafe su sama-sama da lamba 220.

Fararen da'irorin sun tafi tare da tsohon bernin, domin danshi ne da ya maƙale a cikin man, bai kai ga itacen ba. Baƙar da'irar kuwa ta shiga jikin katakon. An so a ci gaba da gogewa har ta fita, amma hakan zai bar kwari a tsakiyar tebur, sai aka haƙura aka bar ta ta dushe kawai. A nan ne kuma aka samu saɓani a gidan, domin lokon da aka goge ya fito rawaya-rawaya, ba duhun da aka saya ba, uwargidan ta ce a sayo rini a mayar da shi yadda yake. Tsohon ya ce, "Hajiya, ki ba shi wata uku, haske zai rina miki shi kyauta." Haka kuwa aka yi, domin halin loko ne ya yi duhu idan ya sha haske. Ni dai ina ganin da an rina shi, da bayan wata shida teburin ya yi baƙi ƙirin, layukan itacen sun ɓace.

Shafa bernin, wanda shi ne yayana ya ɗauka aikin ke nan gaba ɗaya, mako ɗaya ya ci. Tsohon ya fi son a jira Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa kafin saukar hunturu, amma uwargidan tana son teburin kafin babbar salla, wadda ta faɗo a tsakiyar Yuni a 2024. Sai aka kwashe kayan wani ɗaki, aka share shi tun da dare, da asuba aka yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta, aka toshe taga da yadi mai shara-shara yadda iska za ta shiga yashi ya tsaya, aka kashe fanka. Shafin farko an tsarma shi sosai don ya shiga jikin itacen, bayan an goge maiƙon da diliyan an bar shi ya sha iska. Ana shafawa da sassafe kafin zafi ya tashi, domin da rana man yana kamewa a bakin buroshi kafin ya baje. Bayan kowane shafi ana jira ya bushe sarai, a bi shi da lamba 320 a hankali, a share, a sake. Saman teburin ya samu shafi huɗu, kujeru uku, ƙasan falankan kuma biyu, domin idan fuska ɗaya ce kawai ke rufe, danshi zai riƙa shiga ta ɗayar ya lanƙwasa falankin. Tsummokin da suka sha mai ana baza su ɗaya-ɗaya a ƙasa su bushe kafin a zubar, saboda irin waɗannan tsummoki idan aka dunƙule su wuri ɗaya suna iya yin zafi su kama wuta da kansu. Da aka zo mayar da saman, an faɗaɗa ramukan sukurori ta fuskar faɗin tebur, aka ɗaure na tsakiya tam, na gefe kuma aka bar su da ɗan sassauci, babu gam.

Ranar salla an ci abinci a kan teburin, amma da shimfiɗa da faifai a ƙarƙashin kowane kwano mai zafi, domin irin wannan berni yana bushewa a hannu cikin kwana ɗaya, amma sai ya kusa wata guda kafin ya yi taurin ƙarshe. Wani yaro ya ajiye butar shayi kai tsaye a gefe, ta bar sawu, kuma sawun yana nan har yau. Idan aka haɗa kuɗin gwangwani biyu da samfefa da gam da jan katako da ladan tsohon, gyaran ya kusa rabin kuɗin sayen kayan, kuma kashi mai yawa na wannan kuɗi aikin farko ne ya cinye.

Daminar 2024 ta zo da ruwa mai yawa a Nijar har da ambaliya a wurare da dama, don haka teburin ya samu gwaji mai kyau. Yayana ya yi alama da fensir a ƙasan falankan, daidai bakin katakon ƙasa, tun ranar da aka ɗaure su, kuma a ƙarshen Agusta alamar ta matsa waje da ƴan milimita ta kowane ɓangare, ba tare da tsagar ta motsa ba. Da hunturu ya dawo alamar ta koma ciki. Garin ƙwaro bai sake zuba ba. Kujerar da ƙusa ta tsaga wa ƙafa ta fara girgiɗi kaɗan a watan Maris, an ajiye ta gefe tana jiran a yanko mata sabuwar ƙafa. Wadda injin ya ci wa majingina kuwa an shafa wa tabon ɗan rini, bai dai yi daidai da sauran ba, uwargidan ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa ta mayar da ita ɓangaren bango, kuma a kanta yayana yake zama.